Awon jininsa daidai ne, amma an ce zuciyar ba ta farfaɗo ba

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. An yi wa mahaifina tiyatar zuciya, an canja masa bawul, wato 'yar ƙofar da ke hana jini komawa baya a cikin zuciya. Da aka bar ni na leƙa shi a ɗakin kulawa ta musamman, na ga wata siririyar roba rawaya ta shiga ta wuyansa. Awon jininsa 120 bisa 70, amma likitansa ya ce zuciyar ba ta gama tashi ba, wai lambarsa 2.1. In awon jini lafiya lau, ina matsalar take? — Wata mai karatu

AMSA: Allah Ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Ki ɗauki tiyo ki matse bakinsa da babban yatsa: ruwan zai fita da ƙarfi, alhali bokitin ba zai cika da wuri ba. Haka jiki ke yi. Idan zuciya ta yi rauni sai jijiyoyi su tsuke, awon jini ya fito kyakkyawa, amma jinin da ke isa ƙoda da hanji ya ragu. Shi ya sa bayan tiyata ba ma yarda da awon jini shi kaɗai. Muna so mu san lita nawa zuciyar ke turawa.

Zuciyar baligi da ke hutawa tana tura kusan mililita 70 a kowane bugu. In ta buga sau 70 a minti, ya kama kusan lita 5 ke nan. Amma lita 5 ga ƙato daban, ga ƙaramin mutum daban, don haka sai a raba da faɗin fatar jikin mutum gaba ɗaya. Wannan ce lambar da aka faɗa miki. Daga 2.5 zuwa 4 hankali kwance. In ta yi ƙasa da 2.2 sai mu sa ido sosai. Baba ya ɗan yi ƙasa da wannan iyakar ne.

Robar nan ta wuya likitoci biyu suka fito da ita a Amurka a 1970, Jeremy Swan da William Ganz. Akwai ɗan balan-balan a bakinta. In an hura shi, jini da kansa ke jan ta, ta ratsa ɓangaren dama na zuciya har jijiyar huhu. Dabarar awon tana burge ni har yau. Ana tura ruwan gishiri mai sanyi, mililita 10, can gaba kuma ɗan ma'aunin zafi yana jira. Zuciya mai ƙarfi nan da nan ta wanke sanyin ya wuce. Mai rauni kuwa sai sanyin ya yi ta jan ƙafa. Daga nan kwamfuta ta fitar da lissafi.

A cikin tiyata kuma akwai wani idon. Hanyar abinci tana bin bayan zuciya daf da ita, sai a zura na'urar hoto ta baki bayan mutum ya yi barci. Da ita ake ganin yadda zuciya ke matsewa, ko sabon bawul yana yoyo, ko iska ta maƙale a ciki, kafin a raba mara lafiya da injin da ya riƙe aikin zuciya da huhu.

Kada raunin ya firgita ki. An tsayar da zuciyar nan ne da ruwa mai sinadarin fotashiyam don a yi aikin, kuma in ta tashi takan zama kamar wanda ya farka daga suma. Ƙarfinta kan ragu a sa'o'in farko, yawanci ya dawo cikin kwana ɗaya ko biyu, ana tallafa mata da magani irin dobutamine ko adrenaline.

Ni dai in na shiga duba mara lafiya, kafin in ɗaga kai ga allo sai na yaye bargo na taɓa ƙafarsa, sannan in duba jakar fitsari. Ƙafa da ɗumi, mai nauyin kilo 70 yana ba da aƙalla mililita 35 a awa, to jini yana kaiwa inda ake so. Gobe in kin shiga, tambayi likitansa abu biyu: lambar tana hawa ko sauka tun jiya, kuma ana rage magungunan nan ko ƙara su ake yi?