Tambaya da Amsa: Kurna tsohuwar magarya ce?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mun yi gardama da Baba a gonarmu ta hanyar Mirya. Ya ce kurna magarya ce da ta tsufa ta zama babban itace, ni na ce ba haka ba. Aduwa kuma fa? Tunda ita ma ƙaya gare ta, kuma ba ta rabuwa da ganye, danginsu ce?
Ɗalibi daga Zango, Damagaram

Amsa: Ɗana, kai ke da gaskiya, amma ka bi Baba a hankali, don bai yi nisa da ita ba. Magarya ko ta shekara ɗari ba ta zama kurna. Sai dai gidansu ɗaya, wanda masana tsirrai ke kira Ziziphus, cikin babban dangin Rhamnaceae. Magarya ita ce Ziziphus mauritiana, sunan da Bafaranshe Lamarck ya ba ta a 1789. Kurna kuwa Ziziphus spina-christi. Wani masanin tsirrai mai suna Linnaeus ya fara ajiye ta a wani gida daban a 1753, daga baya aka dawo da ita cikin ƴan uwanta. Magaryar kura ma ta nan ce.

In kun koma gona, tsinko ganyen kowace. Za ka ga jijiyoyi uku sun taso daga gindin ganye, a gefensa kuma ƙaya biyu, ɗaya miƙaƙƙiya, ɗaya lanƙwasasshiya, wadda ke kama riga ta ƙi saki. Wannan ita ce shaidar gidan. Sai ka juya ganyen. Bayan na magarya fari-fari ne mai laushin gashi, na kurna kore ne ciki da baya. Ni da wannan nake raba su, ba da tsawo ba, domin magaryar da gatari da awaki suka ƙyale ita ma takan yi itace sosai. Ba a cika barin ta ba ne kawai. Kurna ta fi riƙe ganye da rani, shi ya sa ake son inuwarta.

Aduwa bare ce a wurinsu. Ƙaya ba ta haɗa zumunta, kariya ce daga bakin dabba, kuma itatuwan Sahel da dama sun yi ta. Ƙayar aduwa guda ce, doguwa, koriya, ganyenta bibbiyu a kan sanda ɗaya. Sunanta Balanites aegyptiaca, dangin Zygophyllaceae. Ɗan uwanta a gonarku shi ne tsidau, wannan mai yaɗo a ƙasa da ke sukar ƙafa.