Ba za mu rushe rumfar ƙofar nan ba

Ɗana, ka tambaye ni don me za mu ɓata makonni muna lallaɓa rumfar ƙofar maƙabartar cocin nan, alhali sabuwa ta fi sauƙi. Zo ka tsaya a ƙarƙashinta tukuna.

A da, a irin wannan rumfa ake sauke gawa a Ingila. Littafin addu'o'in cocinsu na 1662 ya ce limami ya tarbi mamaci a bakin harabar, shi ya sa masu ɗaukar akwatin ke buƙatar mafaka daga ruwan sama kafin ya fito. Bencinan gefe nasu ne. Rumfar da ke cocin St George a unguwar Beckenham ta Landan ana cewa tun ƙarni na 13 take, amma irin tamu ta zamanin Sarauniya Biktoriya ce, tsakanin 1837 da 1901, lokacin da magina suka koma wa salon kakanninsu.

Yanzu dubi mahaɗar nan da kyau. Babu ƙusar ƙarfe ko ɗaya. Itacen oak yana da tsami da ke cin ƙarfe, ya bar baƙin tabo. Sai suka fafe rami a ginshiƙi, suka sassaƙa harshe a kan gungumen da zai shiga. Hudar harshen kuwa da gangan suka goce ta kaɗan daga ta ginshiƙin, ta yadda idan aka buga turken katako zai jawo su biyun su rungumi juna. Sa hannu ka girgiza. Sama da shekara ɗari, ko motsi. Wallahi ba zan iya sa zarto a aikin da ya fi nawa ba.

Ciwon yana ƙasa ne kawai, inda wani ya dabe gindin ginshiƙin da siminti, ruwa ya kwanta ya ruɓar da shi. Ruɓaɓɓen za mu yanke a karkace, mu yi masa ƙari da sabon oak, mu ɗora shi kan dutse ya sha iska. Wannan ce koyarwar ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine da William Morris ya kafa a 1877: a gyara abin da ya lalace, a bar mai rai.

Kuma da yawa daga irin waɗannan rumfuna suna cikin rajistar gine-ginen tarihi, ba a taɓa su sai da izinin hukumar coci. Namu ya fito. Ɗauko alli, ka sa wa kowane katako lamba kafin mu ɗaga rufin.