Wane ƙagaggen labarin tarihi zan fara arowa a laburare?

Malama, kin tambayi da wanne za ki fara. Ki nemi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933 a Zariya. Labarin cinikin bayi ne, da uwar da ta keta Sahara tana cigiyar ɗanta. Wallahi wajen nan yana taɓa zuciya, har yau. In kin gama, sai Ganɗoki na Bello Kagara, kan zuwan Turawa, kodayake tatsuniya ta cakuɗu da tarihi a cikinsa.

Batun aro kuwa, ki je da katin shaida ki yi rajista. Ki tambayi ma'aikaci tun farko, don tsofaffin bugu sau da yawa a zaune ake karanta su, ba a fita da su.