Ƙarfin haske ko zurfin baƙi: wanne zan duba a allon wasa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na daɗe ina tara kuɗi don in sayi allon da zan haɗa da PS5 ɗina. A shago an nuna mani guda biyu. Ɗaya nau'in allon da ake kira IPS ne, mai nit 400 (nit shi ne ma'aunin ƙarfin hasken allo) da tambarin HDR400, an rubuta 1,000,000:1 a kwalinsa. Ɗayan nau'in VA ne mai nit 250 da 3000:1. Mai shago ya ce in ɗauki mai hasken, ido rufe. Da dare nake wasa a ɗaki, kuma in na saya babu mayarwa. Ina tsoron kuɗina su tafi a banza. Daga wani matashi, unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka. Tunda da dare kake wasa, kuma cikin ɗaki, mai VA ɗin ne naka in lafiyarsa ƙalau. A ɗaki mai ƙwan fitila ɗaya, nit 120 ma ya ishi ido, ka ga ko 250 ɗin sai ka rage shi.

Amma bari in tsaya kan miliyan ɗin nan na jikin kwali, don ya daɗe yana cinye kuɗin samarinmu. Lambar tana nuna sau nawa farin allo ya fi baƙinsa haske, kuma allon IPS na yau da kullum bai cika wuce 1000:1 ba. To daga ina miliyan ta fito? Suna auna fari fitilar bayan allo na ci gaba ɗaya, sannan su dushe fitilar kusan ta mutu su auna baƙi, sai su raba. Wannan farin da wannan baƙin ba za su taɓa haɗuwa a hoto ɗaya ba. Kai kuwa abin da ya dame ka shi ne hoto ɗaya: abokin gaba ya laɓe a lungu mai duhu, ga taga tana haske a gefensa. Lambar gaskiya ita ce ƙaramar, wadda ake ɓoyewa a takardar cikin kwali.

Wani kuma ya ce maka ai sai ka ƙara haske ka ga duhun. A allon LCD irin waɗannan biyun, fitila ɗaya ce a baya, in ka ƙara ta, fari da baƙi tare suke tashi. Kamar rediyo ce mai shuu: ka ƙara murya, shuu ɗin ma ya ƙaru. Yi lissafi da kanka. A nit 300, allo mai 1000:1 baƙinsa nit 0.3 ne, mai 3000:1 kuwa nit 0.1. Da dare baƙin mai 1000:1 ɗin toka-toka za ka gan shi, ga ido ya gaji kafin ka gama wasa biyu. HDR400 ma kada ya ruɗe ka, shi ne matakin ƙasa a ma'aunin VESA, ƙungiyar da ke ba da tambarin, ba a sharɗanta masa dushe fitila yanki-yanki ba. Abin da ke ƙona mani rai, wasu masu shago sun san wannan sarai, amma su ƙure haske a bakin titi da tsakar rana, yaro ya gani ya zaro kuɗin da ya sha wuya kafin ya tara. Jama'a, a ji tsoron Allah a ciniki.

Ƙarfin haske yana da ranarsa. Mai gidan wasa a rumfa, inda ranar Maradi ke shigowa ta ƙofa, shi ne ke buƙatar nit 350 zuwa sama, don hasken waje yana wanke baƙin kowane allo.

VA ma yana da aibinsa: wasu suna jan inuwa idan abu mai duhu ya gifta da sauri. Saboda haka ka tafi da PS5 ɗinka shagon, ka ce a shigar da allon can ciki nesa da ƙofa, a rage haske zuwa rabi. Buɗe wasa mai dare, ka juya kyamara da sauri, ka duba ko gefen abubuwa na shafewa, ka kuma leƙa kusurwoyi huɗu ko haske na yoyo. Ka tabbatar ramin HDMI ɗinsa yana karɓar Hz 120, wato sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa. In mai shago ya hana gwaji, ka riƙe kuɗinka ka nufi wani shagon.