Kuɗin tallafi aike ne, ka san abin da aka aike ka

Ɗana, jiya muna rufe ofis ka tare ni a bakin ƙofa ka ce: "Maigida, ƙungiyar nan mai horar da masu ƙananan sana'o'i tana neman tallafin gwamnati na bunƙasa sababbin dabarun kasuwanci, an ba ni kasafin in tsara. Me zan sa, me zan bari?" Na ce ka bari sai da safe, don ba maganar tsaye ba ce. To jawo kujera.

Ka ɗauki kuɗin tallafi tamkar kuɗin aike. In an ba ka kuɗin cefane ka dawo da takalmi, komai kyan takalmin da arhar sa, ba shi aka aike ka ba. Mai binciken kuɗi ba ya tambayar ko abin da ka saya yana da amfani. Abin da yake nema shi ne: yana cikin kasafin da aka sa wa hannu? Wannan aikin ne ya ci shi? Farashin na hankali ne? Ina takarda?

Kowace gwamnati da nata sharuɗɗa, saboda haka sanarwar tallafin da takardar yarjejeniya su ne gaba da komai. Amma ni a ƙa'idar gwamnatin Amurka na goge, wadda ake kira 2 CFR 200, ita ce ƙungiyoyin nan namu da suka riƙe kuɗin USAID, hukumar Amurka ta tallafa wa ƙasashen waje, suka yi shekaru suna bi. Wanda ya iya ta, sauran ba sa ba shi wuya.

Albashin ma'aikata, ladan masu koyarwa, hayar zauren bita, kuɗin mota, intanet, kayan koyo, duk suna shiga. Matsalar ba a nan take ba, a wurin rabo take. Ɗauki janaretan can na bayan ofis. Ayyuka biyu yake ba wuta, amma in ka yi sakaci sai ka ɗora man wata guda cur a kan tallafi ɗaya, don shi ke da kuɗi a asusu. Wannan kuskure ne. Ka samo ma'aunin rabo, ko yawan ma'aikata ko faɗin ɗakuna, ka rubuta shi, ka riƙa bin sa kowane wata. Haka albashi: wanda kwana biyu cikin biyar yake yi wa aikin, kashi 40 cikin 100 za ka ɗora, kuma a ga takardar da yake cikawa ta lokutan aiki, da sa hannunsa da na shugabansa. Ba wadda aka zauna aka cike ta wata shida a dare ɗaya da biro ɗaya ba. Odita, wato mai binciken kuɗi, na gane wannan tun daga nesa.

Akwai kuma kuɗin tafiyar da ofis da ba za ka iya nuna wa aiki ɗaya ba, kamar albashin maigadi da namu na akantoci. A ƙa'idar Amurka, ƙungiyar da ba ta da wani adadi da ta daidaita da gwamnati tana iya ɗaukar har kashi 15 cikin 100. Da kashi 10 ne, aka ɗaga daga Oktoban 2024. Sai dai ba a kan jimillar kasafi ake lissafin ba: sai ka cire manyan kayan aiki da kuɗin haya da alawus ɗin mahalarta tukuna. Yara da yawa a nan suke zamewa. Babban kayan aiki kuwa shi ne mai kai dala 10,000 zuwa sama wanda zai wuce shekara ana amfani da shi, kuma wannan sai da izini a rubuce kafin a saya.

Waɗanda ba sa shiga ba su da wuyar riƙewa: giya, shagali, tara, bashin da ya nutse, kuɗin neman gudummawa, da kuɗin kamun ƙafa a majalisa. Abin da aka kashe kafin ranar fara aiki ma, in babu izini a rubuce, ƙungiya ce za ta ɗauka.

Shagalin nan ya taɓa cizo na. Ina sabon hannu kamar kai, muka gama horar da teloli, sai muka yi walimar yaye. Aka yanka rago, aka kira makaɗa, na tura duka ƙarƙashin "bita". Da odita ta zo, ta amince da abincin ranakun karatu, don ga takardar halarta da sunaye da sa hannu. Da ta kai ga rasit ɗin rago da na makaɗa sai ta ja jan layi, ba ta ko ɗago kai ba. Daga aljihun ƙungiya muka mayar.

Sai abin da ya fi shafar kasafin da ke hannunka. Tunda an ce tallafin bunƙasa sababbin dabarun kasuwanci ne, zuciya za ta raya maka ka ware wani kaso a raba wa masu sana'a jari. Kar ka yi sai ka ga an rubuta ƙarara cewa an yarda. A Amurka akwai shirin Build to Scale na EDA, hukumar bunƙasa tattalin arziki, an yi shi ne musamman don cibiyoyin renon sababbin kamfanoni, amma bai yarda a ɗauki kuɗinsa a zuba wa kamfani jari ba. Horo da shawara da haɗa su da masu zuba jari yake biya, kuma duk dalar da ya bayar sai mai nema ya kawo kwatankwacinta. In naka ma na da irin wannan sharaɗi, ka sani gudummawar ƙungiya ita ma awo ɗaya ake yi mata, ba za ka cike gurbin da kuɗin walima ba.

Takardu kuma a adana aƙalla shekara 3 bayan rahoton ƙarshe. Rasit ɗin gidan mai na na'ura kan goge cikin 'yan watanni, ka yi masa hoto ranar da ya zo.

Ɗauko sanarwar, ka ja layi a ƙarƙashin duk inda aka ce "ba a yarda ba". In ka gama, bayan la'asar mu bi kasafin layi-layi.