Zancen shorbar talotalo da zuwan surukanki

Wa alaikumus salam 'yata. Saƙonki ya iso tun daren jiya, sai yanzu na samu zama. Kin ce iyayen maigidan naki za su zo Umarar azumi daga Kano, in sun gama a nan Makka su sauko Jidda su sha ruwa a gidanki, kuma zuwansu na farko ke nan tun da kika tare. Ke kuma kin ga wata shorba, wato romo mai kauri, ta talotalo da masara mai madara a bidiyo ta burge ki, kina tambaya ko ya dace a al'ada ki tari surukai da ita, ko za a ce kin kawo musu abincin Nasara.

Toh ki yi shorbarki, ba wanda ya hana ki. Amma ita kaɗai ba ta tarar suruki, ko da kuwa da zinariya kika dama ta.

Bari in fara sauke miki zancen Nasaran tunda na ga shi ya fi tsaya miki a rai. Talotalo halal ne kamar kaza in dai an yanka shi yadda addini ya ce, kuma naman da ake shigowa da shi ƙasar nan ba ya wucewa sai da takardar halal, ki dai duba jikin ledar ki gani da idonki. Gaskiya ne Amurkawa suna da ranar da suke gasa shi, Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, ranar godiyarsu, toh ke ba bikinsu kike ba, buɗa-baki kike shiryawa. Abin da za ki kula da shi a irin bidiyoyin nan shi ne da yawansu da naman alade suke fara soya albasar, wasu har giya suke ɗan tsiyayawa a tukunya, kar ki ga abu ja-ja yana soyuwa ki ce bari in nemo irinsa. Man shanu ya wadatar. In kuwa don asalin tsuntsun ne, ai shi da masarar duk daga can Meziko suke, sai bayan 1492 da jiragen Sifaniyawa suka fara zirga-zirga suka bazu a duniya. Tumatir, barkono, rogo, har gyaɗar da muke ƙuli-ƙuli da ita duk daga wancan ɓangaren suka fito, in za a kori baƙi daga tukunyar Bahaushe wallahi sai dai mu koma gero da dawa da kuka da kuɓewa.

Mu da muke zaune ƙasar mutane ma bai kamata mu yi wannan bakin ba. Kakarki Allah Ya jiƙanta a ƙasa suka zo, ta Barno, ta Chadi, suka yada zango a Sudan wajen dangi a Maiurno, garin da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin kogi bayan yaƙin Burmi na 1903. Sun yi tsinkar auduga a Jazira kafin kuɗin jirgin ruwa ya haɗu. A can ta koyo kisra da miyar nono da tunkuza irin ta Sudanawa, ta zo nan ta tarar da salig, shinkafar da ake dafawa da romon kaza a zuba madara har ta yi luƙui, ta koya ta fi masu shi. Kinga haɗa romo da madara ba yau aka fara shi a gidanmu ba. Su ma sun karɓi namu, ga agashe a Sudan ga sere a nan Hijaz, duk tsiren Bahaushe ne da yajinsa.

Inda gizo ke saƙar daban ne. Ita shorbar nan a wajen masu ita abincin ragowa ce, in sun gasa tsuntsun sun ci sun ture, washegari sai su tattara ƙashin da ɗan naman da ya maƙale su tafasa, su yayyaga su zuba masara da madara. Dabara ce mai kyau ta hana asara, ban raina ta ba. Amma naman cikinta a yayyage yake, ba cinya ba ƙirji ba ƙundu, mu kuwa baƙon girma yanka ake yi masa, kuma so ake ya ga abin da aka yanka. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Hajiya za ta buɗe kwano, ba za ta ce miki uffan ba, ƙila ma ta sa miki albarka, amma idonta ya riga ya ƙirga, in ta koma Kano 'yan uwa suka tambaye ta ya amarya, amsar daga cikin kwanon nan za ta fito. Ba kwaɗayi ba ne, kar ki ɗauke su haka, mutanen nan sun fi ƙarfin nama. Rabon ne yake faɗin matsayin kowa ba sai an buɗe baki ba. A gidajenmu ƙundu na maigida ne, in mahaifinsa yana wajen toh ya tashi daga kan mijinki ya koma kan Alhaji, cinya da tsoka mai laushi a kwanon Hajiya, wuya da fukafukai da ƙafa na yara da masu aikin girki. Ki niƙe duk wannan ki mai da shi ruwa ɗaya, kowa ludayi biyu, kin daidaita Alhaji da ɗan autan da ya riƙo musu jaka.

Sannan tsohon da ya wuni da azumi, ya sha ɗawafi da sa'ayi a kwanakin nan, in bai ga tuwo ba shi a wajensa bai ci abinci ba. Daga ranar da suka sauka shinkafar otal za su yi ta ci, bukhari yau kabsa gobe, na san kafin su iso miki bakinsu ya gundura. Ranar da suka zo gidan ɗansu tuwon shinkafa ko na masara mai laushi da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa da man shanu a kai, shi ne abin da za su tuna. Kuka da daddawa kuwa ba wahalar samu suke ba, in babu a kusa da ku ki faɗa min in aiko miki daga wajen matan Shari'ul Mansur a nan Makka.

Ga yadda zan yi in ni ce, kuma tsuntsu ɗaya ya ishe ki duka biyun. Ki sa maigidan ya sayo dik rumi, wato talotalon, guda cikakke, ba yankakken nan mai hayaƙi da ake sa wa a burodi ba, wannan gishiri ne zalla. A shaƙƙa, wato fulat ɗin gidan bene, ba wajen yanka, don haka na ƙanƙara za ku samu, mai kilo 4 zuwa 5 ya isa. Kar ki kuskura ki bar shi a kan sink ya kwana wai ya narke, zafin Jidda ba ya wasa da nama. A ƙasan firij za ki sa shi cikin faranti, kowane kilo 2 yana cin kamar kwana guda, kinga sai ki fara lissafi tun da saura kwana uku. In ya saki ki zura hannu cikin cikinsa da ta wajen wuya, sau da yawa za ki ji wata 'yar jaka da aka cusa wuya da hanta da ƙundu a ciki, ki ciro ta, akwai waɗanda suka dafa da ita ba su sani ba. In kika tarar babu, ki sayi ƙundun kaza ki haɗa, kar kwanon Alhaji ya je babu.

Ki cire cinyoyin da ƙirjin ki yanka manya-manya, ki sulala su da albasa da citta da tafarnuwa, ki soya ko ki gasa ki barbaɗa yaji, wannan shi ne naman da za a gani a kan tuwo. Ƙirjin talotalo saurin bushewa ne da shi, da ya dahu ki tsame, cinyar ce mai son lokaci, kuma akwai wasu jijiyoyi masu tauri kamar tsinke a ƙwaurin, ki zare su saboda haƙoran tsofaffi.

Ƙashin baya da wuya da fukafukai su ne na shorba. Ki zuba musu ruwan sanyi ya sha kansu, ki ɗora a wuta kaɗan, kumfar nan mai toka-toka da za ta taso ki kwashe ta tas kafin ki sa komai, ita ce ƙarnin. Sai albasa guda, citta, masoro, kanumfari biyu ko uku, hel, wato kadamom, kaɗan da ƙwayar mistika, wani ƙaro mai ƙamshi, yadda Hijazawa suke yi wa romon salig. Awa biyu yana ɗan motsi a hankali, ba tafasar hauka ba. Ki tace, ki tsince naman jikin ƙashin ki ajiye gefe a rufe. A wata tukunyar ki narka man shanu cokali 3, ki soya yankakkiyar albasa ta yi laushi kar ta yi ja, ki zuba fulawa cokali 3 ki yi ta juyawa har warin ɗanyen garin ya tafi. Nan ne wajen haƙuri, romon kaɗan-kaɗan za ki riƙa zubawa kina juyawa, ludayin farko zai haɗe ya zama kamar talge ki ga kamar ya ɓaci, ci gaba da juyawa kawai, na biyu na uku zai saki ya yi sumul, in kika juye shi gaba ɗaya gudaji za ki samu. Romo kamar lita ɗaya da rabi. Sai dankalin Turawa biyu da karas a yanka ƙanana.

Masarar ta gwangwani ce mai zaƙi, ba irin tamu ta tuwo ba, tamu sai an surfa an daɗe ana dafawa kuma ba za ta ba ki wannan ɗanɗanon ba. Gwangwani biyu, ki zubar da ruwan ki ɗauraye, rabin ki markaɗa da ɗan romo rabin ki bar shi ƙwaya-ƙwaya. Markaɗaɗɗiyar ita ce ke ba da kaurin gaske, shi ya sa ba kya buƙatar kirim mai yawa, ƙaramin kwali mai mililita 200 ya isa. A ƙarshe ake zuba shi bayan kin mayar da naman kin rage wuta sosai, kuma daga nan ba a barinta ta tafasa, tsinkewa take. Lemon tsami a sufura, wato shimfiɗar cin abinci, kowa ya matsa a kofinsa, kar ki sa a tukunya. Attaruhu ki jefa guda ɗaya ba tare da kin fasa ba, ya ba da ƙamshi ki cire, don bakin Bakano ba ya karɓar abu salam, in ba haka ba Alhaji zai ce kunu aka ba shi da nama a ciki. Daddawa kam kar ki soma, ni dai a bakina ba ta jituwa da madara ko kaɗan, ki bar ta a miyar kuka inda take da daraja.

Sai tsarin kai abincin. Da an kira magariba dabino da zamzam, kunun tsamiya ko na gyaɗa da ƙosai ko sambusa, shorbar taki ta shigo nan a ƙananan kofuna a gurbin shorbar hab, wato ta alkama, ko ta shufan, wato oats, da mutanen nan suka saba. Kaɗan fa, madara da man shanu a cikin da ya wuni wayam ba kowa take yi wa daɗi ba, ga sallar tarawihi a gaba. Tuwon da naman su biyo baya, ki bar su su zaɓa ko bayan magariba ko sai an sauko daga tarawihi. Na Alhaji mijinki ne zai shiga da shi falon maza, na Hajiya ke za ki kai da hannunki a rufe, ki durƙusa ki ajiye ki ce ga ruwa Hajiya, ki tashi ki ba ta waje. Na san ku yaran Jidda kun saba kowa ya kewaye sufura ɗaya, amma ranar farko ki ja jiki, in ta ce zo mu ci ki ce Alhamdulillahi kin ci, sai ta matsa ƙwarai sannan ki zauna daga gefe ki taɓa kaɗan. Kuma kar in ji kin tsaya a kansu kina bayanin a ina kika koyo da abin da kika zuba, in ta yi musu daɗi ita Hajiyar za ta tambaya da kanta. Maƙwabciyarki ta ƙofa da ƙofa ma a miƙa mata kwano kafin a sha ruwa, surukarki tana lura da irin wannan.

Abin da ya rage kar ya wuce awa biyu a waje, ki sa firij, kwana uku ƙarshe, in za ki ɗumama wuta kaɗan da ɗan ruwa. Firiza ba ta karɓarta, madarar rabuwa take da romon.

Ki kira ƙanwar mijin naki tun yanzu ki bugi cikinta ko Hajiya tana da sukari ko hawan jini, don masarar nan zaƙi gare ta, dunƙulen magi da gwangwani kuma gishiri, in akwai lalura sai ki ɗebar mata nata kafin ki ƙarasa haɗi. Kuma ki gwada girkin tun kafin azumi da cinyar kaza, ki ba maigidan ya sha ya faɗa miki gaskiya, ba a koyon abu a ranar baƙi. Ranar da suka tsayar ki sanar da ni da wuri, in ƙafar nan ta bar ni zan biyo jirgin ƙasa in zo in tuƙa miki tuwon, ke ki ji da naman. Ki gaida maigidan.