Ta ina ake fara binciken gwanintar 'yan wasa?

Ɗan'uwa, ka ce kana son zama malamin jami'a mai binciken yadda jiki ke ƙwarewa a wasanni, amma ka rasa mafari. Son ƙwallo kaɗai bai isa ba. Riƙe ilimin ƙwaƙwalwa da tsoka, sannan ƙididdiga, inda da yawa ke tuntuɓe.

Karanta Nikolai Bernstein, masanin kimiyyar motsin jiki ɗan ƙasar Rasha. Tun shekarun 1920 ya auna bugun gudumar maƙera, ya ga hannun gwani ba ya bin hanya ɗaya sau biyu, amma guduma na sauka daidai. Har yau abin na burge ni.

Kada ka auna kowa sai kwamitin ɗa'ar bincike, mai tabbatar da cewa bincike ba zai cutar da mutane ba, ya amince. Tsarin gwajinka kuwa, nuna wa malaminka da masanin ƙididdiga tun kafin ka tara bayanai.